Lamba Biyar a Hannun Kurose

Lahadi, 24 ga Agusta

Lamba biyar ta faɗo mini. Tun ranar farko.

Kwalekwale shida gare mu a ƙungiya, kuma a takarda duk ɗaya suke: masana'anta ɗaya, tsawo ɗaya, ƙyallen iska ɗaya, har igiyoyin daga ƙunshi ɗaya aka yanko su. Wai don kada wani ya ce jirgi ne ya ci, ba mutum ba. A takarda ke nan. A ruwa kowa ya san lamba biyu ita ce amarya, tun da aka yi mata gyara da sabon fenti bara. Lamba biyar kuwa tsohuwa ce mai faci uku a ciki, fentinta ya koɗe kamar tsumman goge tukunya.

Shugaba Kurose ya dunƙule tsinkayen cin abinci shida a hannunsa kamar kullum, lambobin a ɓoye cikin tafinsa, babba ya fara ja. Teshima ya girme ni da shekara biyu, ya ja, biyu. Na ja, biyar. Sauran huɗun, yaran nan 'yan sittin da ɗaya da sittin da biyu, suka raba ragowar.

Teshima ya zo na ɗaya, ni ta biyu. Yana naɗe ƙyalle ya ce, "Mai awara, wake kika tsaya jiƙawa a juyin farko?" Na ce wanda ya yi shekara talatin yana kai wa mutane wasiƙa a makare ba shi da bakin magana.

Tsere biyar ne. Wanda ya fi ci shi zai tafi gasar lardi ta 'yan sama da sittin a Oktoba, da sunan ƙungiya. Mutum ɗaya tak. Likita ya ce a Disamba zai buɗe gwiwar nan, kuma bai yi mini alkawarin komawa ruwa ba. Ban gaya wa kowa a bakin ruwa ba. Bana ne, ko babu.

Talata, 26 ga Agusta

Gwiwa ta kumbura. Chizuru ta ce, "Mama, ki bar mini tukunyar safe mana." Na ce ranar da ta iya ɗibar kilo biyu na wake da hannu ba tare da sikeli ba, ta zo mu yi magana. Shekara arba'in ina yin awara, hannuna bai taɓa yi mini kuskuren cokali ɗaya ba.

Lahadi, 31 ga Agusta

Biyar kuma. Teshima biyu kuma. To.

Na ci shi duk da haka. Iska ta juya wajen tsibiri, na gani tun kafin ya gani, na riga shi kewaya tulun alama na ƙarshe, jan nan da ke kan ruwa. Ya ɗaga mini hannu yana dariya. Dariyar ce ban so ba. Mutumin da aka cinye ba ya dariya haka sai in ya san abin da ya taka.

Wajen fitowa na sha wuya. Daga ruwa zuwa rumfa gangaren siminti ne, kowa ya ɗora kwalekwalensa a amalanke ya ja shi sama shi kaɗai. Wanda bai iya ba, ba a lissafa masa tseren, kuma ba ya sake fita. Dokarmu ce. Ni ce ma na kawo ta, shekara tara da suka wuce, bayan Kurose ya kife a tsakiyar ruwa ya kasa tayar da jirginsa, sai da masunta suka tsamo shi leɓensa ya yi shuɗi. Na tashi a taro na ce wanda bai iya jan jirginsa a tudu ba, ba zai iya ɗaga shi a ruwa ba. Aka ɗaga hannu, aka amince. Tun ranar Kurose yake zaune a benci da usur da tsinkaye.

Biyar ta ƙara nauyi. Na rantse ta fi bara nauyi. Ruwa take sha ta facin nan, ba shakka. Sau biyu na tsaya a gangare kamar ina gyara igiya.

Laraba, 3 ga Satumba

Ina tace ruwan wake abin ya zo mini. Shekara tara Kurose bai ce mini uffan a kan dokar nan ba. Kullum gaisuwa, kullum sunkuyawa, "Nagase-san, ya gwiwa, ya shago." Wa ya ce masa gwiwata tana da wani abu?

Mutumin da bai taɓa nuna fushi ba, ina ya ajiye shi?

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau na sa hankalina a yatsuna. Teshima ya ja, biyu, ya yi wani "kai, sa'a!" wanda ko jariri ba zai yarda da shi ba. Da na miƙa hannu, tsinken da na fara taɓawa ya ƙi motsi. Na taɓa na kusa da shi, shi ma a cije. Na uku ya zame cikin yatsuna kamar dama jirana yake.

Biyar.

Na kalli Kurose. Yana kallon gajimare, wai yana duba iska.

Teshima ya ci. Ni ta biyu, da tsawon jirgi huɗu. Amarya tana tafiya kamar an shafa mata mai. Shi ci biyu, ni ɗaya.

Litinin, 8 ga Satumba

Babban yatsansa Kurose yake sawa. Ya danne tsinkaye guda biyar, ya saki ɗaya.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bayan na kai awara gidan abincin tasha na biya ta rumfar jirage da rana tsaka, wai na manta hular rana. Na shafa cikin lamba biyu daga goshi har gindi. Sumul, ko ƙwarzane babu. Na ƙwanƙwasa biyar, na kara kunne ko zan ji ruwa yana motsi a cikinta. Ban ji ba, amma ba lallai a ji ba.

Ina fitowa sai ga su a shagon taliya na bakin gada, Kurose da Teshima, kai da kai. Da suka gan ni maganar ta mutu. Teshima ya ɗaga tsinkensa ya ce, "Mai awara, shigo, na Shugaba ne yau." Na ce na ƙoshi.

Tun suna makarantar sakandare suke tare, kowa ya sani. Ni ce dai ban taɓa haɗa lissafin ba. Ɗaya yana son kujerar gasa, ɗaya yana son ya ga ranar da zan tsaya a tsakiyar gangare in kasa. A ba ni mai nauyi, dokata ta cinye ni. Da ni ce na shirya shi ma da na yaba wa kaina.

Na sa wa hoton marigayi maigidana awararsa ta yamma, na gaya masa. Ya yi mini irin kallon nan nasa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na kama tsinken gefe na riƙe gam. Ya ƙi. Na ja, hannun Kurose ya biyo ni.

Na ce, "Shugaba, saki."

Ya ce, "Hannun tsoho ne, Nagase-san, ƙagewa yake yi da safe. Gwada wani."

"Wannan nake so."

Muka tsaya haka, ni ina ja yana riƙewa, mutum biyar suna kallon takalmansu. Kunya ta kama ni kafin ta kama shi, mutum mai shekara saba'in da takwas. Na saki, na ɗauki wanda ya ba ni. Ba sai na rubuta lambar ba.

Haushi ya tuƙa ni yau, ba iska ba. Na ci. Biyu da biyu.

Gangaren ya kusa gamawa da ni. Da na kai sama ban ko zauna ba, na ce a gaban kowa ina so a auna jiragen nan shida a sikeli, ɗaya bayan ɗaya, kafin tseren ƙarshe. Na ce tun da ɗaya suke, ba wanda zai ji tsoro.

Sai Teshima ya matso ya rage murya, "Nagase-san, bar maganar nan. Don girman zaman tare, bar ta."

Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai yau. Ashe akwai abin ɓoyewa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na rubuta buƙatar a takarda, na buga hatimina, na kai wa Kurose har gida don kada a ce ba a ji ba. Ya karɓa da hannu biyu. Matarsa ta kawo shayi, ban sha ba.

Masunta sun yarda su ara mana babban sikelinsu na rataye. An ɗaga tseren ƙarshe zuwa ashirin da takwas.

Asabar, 20 ga Satumba

Chizuru ta ce, "Mama, in kika kunyata tsohon nan, a wane gari za mu zauna?" Na ce a garin da ake ja ƙuri'a da gaskiya.

Na ƙiyasta: biyar za ta kai sittin da huɗu, amarya ba za ta wuce hamsin da takwas ba. Na rubuta a nan don in sami shaida.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun rataye sikelin a ƙarfen rumfa. Aka cire ƙyalle da sanda da komai, jirgi tsirara. Ni na karanta lambobin da kaina, ban yarda kowa ya karanta ba.

Ɗaya, sittin. Uku, hamsin da tara. Huɗu, sittin. Shida, hamsin da tara da rabi.

Na ce a ɗaga amarya. Allurar ta wuce sittin ta ci gaba. Sittin da uku. Na ce igiya ta maƙale, a sauke a sake. Sittin da uku. Ashe gyaran bara, da cikon da aka yi mata da fenti rufi uku, duk suna nan a jikinta.

Biyar ta hau. Hamsin da bakwai.

Na buɗe murfin cikinta na zura hannu har kafaɗa. A bushe ƙayau. Ko ɗigo.

Yaran nan suka fara tattara igiyoyin da ba sa buƙatar tattarawa. Na juya wajen Kurose na ce, "To me ya sa?"

Ya ce, "Na danne tsinke, gaskiya ne. Ki rubuta, zan sa hannu."

"Na ce me ya sa."

Ya daɗe yana murza usur ɗinsa. Ya ce tun watan Yuni yake ƙirga tsayuwata a gangare. Da farko sau ɗaya, sai sau biyu, ina yi kamar ina gyaran igiya. Ya ce shi ne ya yi wa jiragen nan faci da hannunsa, ya san nauyin kowace. "Dokarki daidai ce, Nagase-san. Da ba ki kawo ta ba da yanzu ina ƙarƙashin ruwa. Amma bencin nan, na san yadda yake. Ban so ki zo ki same ni a kai bana ba."

Na ce, "Shi kuma wannan fa? Me ya kai shi amarya kullum?"

Teshima ya sosa ƙeya. "In an rage wa wani, sai an ƙara wa wani. Yaran nan ba su ci ba su sha ba. Ni na yi shekara talatin ina hawa tudu da jakar wasiƙa, kilo uku ba komai ba ne."

Kilo shida ne tsakanina da shi. Kuma da su ya ci ni sau biyu.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Sai kunyar ta koma haushi, don haushi ya fi mini sauƙi. Na ce wa ya roƙe su? Na ce cin da na yi sau biyu ba nawa ba ne, a soke duka huɗun. A ɗaura wa kowane jirgi dalma har ya kai sittin da uku, a zuba tsinkaye a gwangwani a girgiza, tseren ƙarshe shi kaɗai ya raba.

Teshima ya ce, "Sittin da uku? Mai awara, kin san me kike faɗa kuwa?"

Na ce na sani.

Litinin, 22 ga Satumba

Kafin Chizuru ta sauko na ɗebi abin da hannuna ya ce kilo biyu ne, na ɗora a sikelin shago wanda ban taɓa kulawa ba. Kilo ɗaya da giram ɗari bakwai. Na sake. Ɗaya da ɗari shida da hamsin.

Ba biyar ce ta ƙara nauyi ba.

Tun yaushe awarata take fitowa a tauye, ba wanda ya gaya mini? Ko Chizuru ce take ƙara waken a bayan idona? Ba zan tambaya ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

An ɗaura dalma. Na tsaya a kai har aka gama, aka sake aunawa, shida duk sittin da uku. Ta biyar guntu biyu ne a gindin sanda, kowane da noti biyu. Yanzu dai ɗaya suke da gaske, ba a takarda ba.

Na duba jadawalin ruwa. Ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya teku zai janye ƙwarai. Gangaren zai ƙara tsawo da taku ashirin, ƙasansa duk gansakuka.

Lahadi, 28 ga Satumba

Gwangwanin shayi, an girgiza, na ja da ido a rufe. Huɗu. Teshima shida.

Tseren da ya fi kowane daɗi a rayuwata, zan rubuta wannan ko me ya biyo baya. Iska daga kudu, tsayayya. Ya riga ni fita, na bi shi har tulu na biyu ina jin ƙarar ruwa a goshin jirginsa. A juyin ƙarshe ya yi waje, ni na rungumi bakin tsibiri inda ruwa ke janyewa a hankali. Muka haɗu a gaban layi. Na wuce shi da abin da bai kai tsawon hannu ba. Na ji usur ɗin Kurose, na yi ihu ni kaɗai kamar yarinya. Ba dannewa, ba ragi. Na ci shi.

Sai gangare.

Na ɗora jirgi a amalanke cikin ruwa. Taku goma na farko na yi su. Gansakuka tana zame mini, na kafa ƙafar hagu na ja. Wajen rabi gwiwar ta ce a'a. Ba ciwo ba ne ma, kawai babu ta. Na tsaya riƙe da hannun amalanke, jirgi yana jana baya, ba igiyar da zan yi kamar ina gyarawa.

Na ɗaga kai. Yaran nan huɗu duk sun juya suna kallon teku, sai ka ce kifi ya yi tsalle. Kurose ya kifa fuskarsa cikin takardar sakamako.

Sai nauyin ya ragu.

Na san hannun waye, Teshima ne kaɗai a bayana. Ban waiwaya ba. Na yi taku ɗaya, biyu, na ci gaba, har sama. Wannan ma zan rubuta: na bari. Ina so ƙwarai, shi ya sa na bari.

A sama Kurose ya riga ya rubuta sunana a layin farko. Na tsaya ina kallon rubutun har numfashina ya dawo.

Na ce, "Shugaba, ka gani."

"Ni? Idona ya mutu tun bara. Ban ga komai ba."

"To ni na ji. Goge."

Bai motsa ba, na karɓi alƙalamin na ja layi a kan sunana da hannuna. Na rubuta Teshima.

Teshima ya hau sama. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Ke kika ci! Kowa ya gani! Ni ba na son kujerar sadaka."

Na ce, "To yanzu ka ji yadda take."

Kurose ya matsa gefe a benci. Na zauna, don dai ba inda zan iya zuwa da ƙafar nan.

Talata, 30 ga Satumba

Na wanke rigar ruwa da ruwan famfo, na shanya, na ninke. Na yi kuka kaɗan a kan tukunya, Chizuru ta ɗauka tururi ne. Ko ta yi kamar ta ɗauka.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Teshima ya zo na tara cikin ashirin da shida a gasar lardi. Ya kawo mini kwalin alewar wake, ya ce da ni ce da na zo ta takwas. Na ce ta biyar.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Bencin yana da sanyi da safe, Kurose ya ce in riƙa zuwa da matashi. Ya ba ni usur, wai ƙirjinsa ba ya kaiwa. Ya ce daga mako mai zuwa ƙuri'a ma ni zan riƙa yi, tun da ni ce ba a zargi.

Daga nan sama ana ganin komai, ban sani ba sai yanzu. Teshima ya tsaya a gangare yau. Sau ɗaya, wajen rabi, ya sunkuya wai yana cire dutse daga takalmi. Takalmin ruwa ba ya shigar dutse. Kafaɗarsa ta dama yake karewa, tun da ya dawo daga gasa yake ja da hagu. Na kalli Kurose, yana duba iska.

Doka doka ce, ni na kawo ta, ba zan tashi a taro in ce a sauya ba.

Notunan dalmar biyar ba su da wuyar kwancewa, na duba ne kawai don kada su yi tsatsa. Gwangwanin nan kuma ƙara gare shi, a hannu dai aka saba riƙe tsinkaye tun kafa ƙungiya.

Da yamma na gwada da tsinke shida a kicin. Babban yatsan yana gajiya da wuri. Ba wai zan yi wani abu ba ne.